Wasan Tafki da Ajimi Bai Ƙarasa Ba

Duk wanda kwamfutarsa ta taɓa ƙin tashi a unguwar Dala da ke Maiduguri ya san shagon Ajimi Kashim. Ɗan ƙaramin shago ne mai shuɗiyar ƙofa, a matse tsakanin mai walda da mai niƙa, saboda haka ba a raba shi da ƙara tun daga hantsi har la'asar. Shi kuwa mai shagon dogo ne siriri, yana tafiya a ɗan duƙe kamar wanda ya saba shiga ƙofar da ta yi masa gajarta. Ba shi da yawan magana. Idan ya yi, Hausarsa irin ta 'yan Maiduguri ce, da karin Barebari kwance a cikinta.

A gidan kifi aka haife shi. Mahaifinsa, Ba Kashim, ya yi shekara ashirin yana su a Doron Baga, a bakin Tafkin Chadi, kafin gwiwa ta fara ba shi matsala ya dawo birni, ya kama rumfa a Kasuwar Kifi ta Baga Road yana sayar da banda. Ajimi ya tashi da ƙaurin hayaƙin kifi a rigarsa, a littattafansa, har a gashin kansa. A makarantar firamare abokai kan toshe hanci idan ya shigo aji, shi ya sa tun yana ƙarami ya ƙudurta a ransa cewa sana'ar da zai yi ba za ta kasance mai wari ba. Uban ya so ya gaje shi a rumfa, amma da ya ga inda zuciyar ɗan ta karkata, bai tilasta masa ba. Ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ajimi ya yi difloma a fannin kwamfuta, ya buɗe shago, ya yi aure, rayuwa ta miƙa.

Rabin aikinsa gyara ne, rabi kuma zuba wa mutane manhajoji a kwamfuta. Kowace manhaja kafin ta shiga sai ta baje wani dogon rubutu na Turanci, a ƙarshensa akwai inda za a latsa a ce an yarda. Ajimi ya latsa wannan wuri ya fi sau dubu, a madadin malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai, bai taɓa karanta ko layi uku ba. Ba wanda yake karantawa.

Sai fitina ta sauko wa garin. Ba sai an ba ɗan Maiduguri labarin waɗancan shekaru ba: shingayen bincike a kowace kwana, dokar hana fita, ƙarar da idan aka ji sai kowa ya tsaya cak yana lissafin daga wace unguwa ta fito da kuma wa yake da shi a can. Hanyar Baga ta zama abin tsoro. Motocin da suke shigowa kasuwa jere da kwalayen banda suka koma ɗaya-ɗaya, wani makon ma babu ko ɗaya. Ba Kashim ya kan je rumfa da safe ya share, ya zauna, ya gaisa da maƙwabta, kafin azahar ya rufe. Da ya rasa inda zai sa kansa, sai ya fara zuwa shagon ɗansa, ya zauna a benci bakin ƙofa da carbinsa, yana kallon abin da bai gane ba.

A ƙarshen shekarar 2012 wata ƙungiya ta zo garin ta shirya horo na mako biyu, inda aka koya wa masu ilimin kwamfuta yadda ake ƙera wasannin waya. Ajimi ya shiga don dai zaman shago ya ishe shi. Amma ranar da ya zana wani ɗan akwati a fuskar kwamfuta, ya rubuta masa umarni, akwatin ya motsa da ya taɓa shi, sai ya ji wani abu da bai taɓa ji ba a shekarunsa na kwance kwamfutocin mutane. Da aka gama horo aka sa wa kowa manhajar ƙera wasa a kwamfutarsa, aka ba shi lambar shiga da lasisi.

Wannan karon Ajimi ya tsaya karanta rubutun, domin abin nasa ne. Ya buga shi a takarda, shafi goma sha ɗaya. Turancin ya yi masa kauri, sai ya ajiye har Naomi Dzarma ta zo. Naomi lauya ce 'yar ƙasar Biu, tare suka yi firamare, kuma tana cikin 'yan kaɗan da ba su taɓa toshe masa hanci ba. A shagonsa take buga takardun kotu idan wutar ofishinsu ta ɗauke.

Ta zauna ta bi shafukan da biro, Ba Kashim yana bencinsa yana jin su.

"To, Injiniya," in ji ta, don haka take kiransa, "wannan end user da kake gani a kowane layi, wato mai amfani na ƙarshe, kai ne."

Ajimi ya ce, "A'a, Barista. A wurin horo an ce mana wanda zai buga wasan a wayarsa shi ne na ƙarshe. Ni ai maƙeri ne."

"A wurin wasanka haka ne. Amma a wurin masu wannan manhaja, a hannunka kayansu ya tsaya, don haka kai ne na ƙarshensu. Kuma ka lura, ba sayar maka suka yi ba, izinin amfani suka ba ka. Ba ka da ikon ka kwafa wa wani, ko ka sayar, ko ka buɗe cikinta ka sauya." Ta juya shafi. "Nan ma akwai magana. Ba kai suka ba wa lasisin ba, ƙungiyar suka ba wa, kai a inuwarta kake zaune. Ran da nata ya ƙare, naka ya ƙare. Sannan lasisin ɗalibai ne. Abin da ka ƙera da shi za ka iya ba mutane su gwada, amma ba na kai wa kasuwa ba ne."

Ba Kashim ya gyara zama ya ce, "'Yata, maimaita mini. Wane ne na ƙarshen?"

Ta yi masa bayani a hankali. Tsohon ya jinjina kai ya ce, "A kifi dai na ƙarshe shi ne mai ci. Masunci da mai banda da mai mota da ni, duk hanya ce. Amma wanda ya sayi tarwaɗata, in ya so ya ci, in ya so ya ba kyanwa. Ban taɓa bin mutum gida da takarda ba."

Naomi ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce, "Baba, su waɗannan suna bin mutum har ɗaki." Sannan ta dubi Ajimi. "Kai ma ran da ka gama, sai ka rubuta wa masu buga wasanka naka sharuɗɗan. Wa kake ƙera wa?"

A lokacin bai ma san wane irin wasa zai yi ba. Bayan kwana biyu, yana kallon mahaifinsa yana zana wa mai walda yadda ake kafa gura, wato tarkon kifi, da tsinke a ƙasa, sai abin ya faɗo masa. Zai yi wasan tafki. Mutum zai tura kwalekwale daga gaɓar Doro, ya ratsa ciyayin ruwa, ya bi tsibiran da mutanen tafki ke kira tumbu, ya kama kifi, ya yi banda, ya kawo Baga Road. Shi da ya yi ƙuruciyarsa yana gudun warin kifi, ga shi zai zauna yana zana shi da hannunsa.

Da ya gaya wa uban, sai tsohon ya ce, "Ruwan da ba ya jiƙa mutum?" Amma washegari ya zo shago da wuri.

Sun yi wata huɗu suna aiki sai aka ɗauke sabis ɗin waya a jihar gaba ɗaya, a watan Mayun 2013. Ba kira, ba saƙo, ba intanet a modem. Ita kuwa manhajar, sharaɗinta ne duk bayan kwana talatin ta leƙa gida ta tabbatar lasisi yana nan. Da kwanakin suka cika ba ta samu hanya ba, sai ta kulle kanta. Akwai 'yan wuraren da suke da intanet na tauraron ɗan'adam a cikin gari, amma a wancan lokacin mai hankali ba ya rataya jakar kwamfuta ya ratsa shinge biyar. Ajimi ya zauna yana kallon aikinsa a cikin kwamfutarsa, a kan teburinsa, ba shi da ikon taɓawa.

Waɗannan makonni su ne ya fi tunawa a yanzu. Da babu abin yi, sai ya farke kwalayen banda ya shimfiɗa a ƙasa, uban yana faɗa yana zanawa. Nan akwai zurfi, nan sai da gora, nan dorina take kwana, nan kuma idan iska ta juyo daga gabas kada ka kuskura. Ya kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarsa, tsohon ya yi ta jero kifaye da halayensu: karfasa, tarwaɗa, kurungu mai ƙaya, bargi, giwan ruwa da sai mutum biyu suke ɗaga ta. Wani lokaci da Hausa, idan labari ya yi daɗi ya zarce da Barbarci. Ajimi ya roƙe shi ya faɗi irin maganganun da yake yi wa sabon ɗan kwalekwale. Tsohon ya murtuke fuska kamar gaske ya daka tsawa, "Kai! Ba nan ba! Ka ga ruwan ya yi baƙi, ina za ka?" Mai niƙa ya leƙo a guje yana tambayar lafiya. Shekara talatin suna gida ɗaya, Ajimi bai taɓa sanin mahaifinsa yana da ban dariya haka ba.

Da sabis ya dawo manhaja ta buɗe, ya ci gaba. Aikin ya ci shi fiye da shekara, domin shi kaɗai ne, ga gyaran da yake ci da iyali da shi, ga wuta da ba ta zama. Sai a watan Nuwamban 2014 ya haɗa kashin farko, daga gaɓa zuwa tumbu na uku, ya zuba a waya. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya miƙa wa mahaifinsa a tsakar gida, mahaifiyarsa Ya Mu'mina tana gefe tana tsince shinkafa.

Da farko wayar ta ƙi jin yatsan tsohon, saboda kanta ta yi masa yawa. Sai da Ajimi ya nuna masa ya yi da gefen ɗan yatsa. Kwalekwale ya motsa. Ba Kashim ya tura shi cikin ciyawa, sai ga muryarsa ta fito daga waya tana yi masa tsawa. Ya Mu'mina ta saki faifai tana dariya, ta ce yau ga wanda ya rama mata. Tsohon bai yi dariya ba. Ya matso da wayar kusa da idonsa, ya bi hanyar nan a hankali kamar mai tsoron kifewa. Ya gyara wa ɗan abu biyu: ya ce launin karfasa bai kai haka ja ba, kuma tumbu na biyu ya fi haka nisa. Da ya kai na uku kwalekwale ya tsaya, ya tambayi dalili.

"Nan na tsaya, Baba. Sai ka faɗa mini gaba."

Tsohon ya ajiye wayar a cinyarsa. Can ya ce, "Gaba kuma ruwa yana sauya hanya kowace shekara. Rabona da wajen shekara tara. In na faɗa maka, ƙarya zan yi."

Tun daga ranar ya sauya. Ya daina zama a benci, ya koma zagaya tashar motocin Baga yana tambayar direbobi labarin hanya. Aka ce masa akwai sojoji a garin, ana shiga ana fita, ana ma samun kifi. A ƙarshen Disamba ya ce zai je ya yi mako ɗaya, ya gaida tsofaffin abokai, ya haɗo kwali biyu ko uku, ya kuma duba ruwa. Ya Mu'mina ta yi magiya har ta gaji. Ajimi ya ce masa wasan banza ne, ba abin da za a sa rai a kansa ba ne, in ma don shi ne ya fasa.

"Wa ya ce don wasanka ne?" in ji tsohon. "Ni da ruwan nan mun san juna kafin a haife ka."

Ajimi ya raka shi tasha da safe, ya riƙe masa jaka har ya hau. Ya sa masa kati a waya. Sun yi magana sau biyu bayan ya isa. A na biyun tsohon yana ta murna, ya ce ya samu wanda zai shiga da shi ruwa jibi, ya ce a gaya wa Ya Mu'mina ya samo mata busasshen bargi irin wanda take so.

A farkon watan Janairun 2015 mahara suka shiga Baga.

Kwanaki bayan haka mutane suka fara isowa Maiduguri a ƙafa, ƙafafu a kumbure, wasu ba takalmi, wasu ba 'ya'yansu. Ajimi ya rufe shago. Kullum da safe sai ya ɗauki hoton mahaifinsa ya bi sansanonin da aka sauke su, layi-layi, tanti-tanti. Ya je asibitoci. Ya tsaya a bakin hanyar shigowa gari yana duba fuskokin da ke saukowa daga manyan motoci. Wayar tsohon tun ranar farko ba ta shiga. Wani ya ce ya gan shi a kasuwa ana gobe abin zai faru. Wani masunci ya ce kamar ya hango shi a bakin ruwa yana tura kwalekwale cike da mata da yara, amma ya ƙara da cewa ranar kowa ta kansa yake yi, ba zai rantse ba. Aka ce da yawa sun tsallaka ƙasar Chadi. Ajimi ya ba da suna da hoto a wurin masu neman waɗanda suka ɓace, ya yi ta komawa har ma'aikatan suka san shi, suna ganinsa sai su girgiza kai tun daga nesa.

Ba gawa, ba kabari, ba wanda zai ce ga abin da ya faru. Ya Mu'mina ta ƙi karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo da fuskar ta'aziyya sai ta ce masa Malam ya yi tafiya ne. Ba ta taɓa ce wa ɗanta komai game da wasan ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi masa zafi a kan a ce ta zage shi. Shi da kansa yake yi wa kansa shari'a. Ya kan ce da ya bar tsohon a bencinsa da carbinsa, da yanzu yana nan. Naomi ta gaya masa mutumin da ya yi shekara ashirin a ruwa ba waya ce za ta tuna masa da shi ba. Limamin unguwa ya gaya masa ajali ba ya neman dalili a wurin kowa. Ya ji su duka, ya gode, amma abin bai sauka ba.

Shekara biyu bai buɗe aikin ba. Ya koma gyara, yana yi ba yabo ba fallasa. Sai wata rana a 2017, yana neman wani abu a bayan shago, ya ci karo da kwalayen nan da suka yi zane, gara ta fara cin gefensu. Ya kakkaɓe su, ya zauna, ya kunna tsohuwar kwamfutar. A ransa ya ce ko ba komai zai gyara launin karfasa da nisan tumbu na biyu, abu biyun da aka ce ya gyara.

Manhaja ta ƙi buɗewa. Ta rubuta masa cewa lasisi ya ƙare.

Ya nemi ƙungiyar da ta yi musu horo, ya tarar ta tattara ta bar garin tun tuni, lambobinta ba sa shiga. Ya rubuta wa kamfanin manhajar wasiƙa ta imel. Ya yi kwana uku yana rubuta ta, ya ba su labarin tafki, da mahaifinsa, da muryar da ke ciki, ya ce ba sayarwa zai yi ba, awa biyu kawai yake roƙo. Bayan mako guda amsa ta zo, gajera, cikin ladabi. Ya kai wa Naomi duk da ya gane abin da ta ƙunsa.

Ta karanta sau biyu kafin ta ɗago. Ta ce, "Sun ce sun yi baƙin cikin abin da ya same ka. Sun ce yarjejeniyarsu da ƙungiyar ce, kai mai amfani ne a ƙarƙashinta, kuma izininka ya ƙare tare da nata. Sannan sun daina yin wannan manhajar gaba ɗaya, ko kana so ka sayi lasisin kanka babu."

"Amma aikin nawa ne, Barista."

"Naka ne. Zanen naka ne, muryar ta Baba ce, ba su musa ba. Makullin ɗakin ne nasu." Ta ajiye takardar. "Ajimi, akwai manhajojin da ba sa kulle mutum, kyauta ma suke. Kana da zanenka, kana da muryoyin. Ka sake daga farko."

Ya gwada. Ya sauke wata, ya koyi hannunta, ya kai har ya sa kwalekwale a ruwa. Da ya zo sa muryar, sai ya zama dole ya saurare ta, ya yanka, ya sake saurare, wuri ɗaya sau ashirin. Ya yi yini biyu a haka, a na uku ya kashe kwamfutar. Ya gaya wa Naomi ko ya sake ginawa, a tumbu na uku zai kuma tsayawa. Ba ta ƙara matsa masa ba.

Abin da ya rage masa shi ne kashin nan na farko da ke cikin wayarsa. Zai iya bugawa kamar kowa, ba zai iya sauya ko ɗigo ba.

A wannan shekarar ce Ya Saude ta zo shagonsa. Dattijuwa ce mai banda daga Doron Baga, wadda ta yi shekaru tana aiko wa Ba Kashim kaya, yanzu kuma tana zaune a sansani da jikokinta. Wayarta ta kawo gyara. Da ta ji ɗan wane ne sai ta ce, "Wushe, wushe," wato sannu da Barbarci, ta kama hannunsa ta ƙi saki. Suna cikin hira ya nuna mata wasan, bai san ma me ya sa ba. Ta tura kwalekwale ba daidai ba, tsawar ta fito. Matar nan ta dafe ƙirji ta yi salati. Sai kuma ta sake turawa cikin ciyawar da gangan. Ta yi haka ya kai sau biyar, hawaye yana bin fuskarta, tana cewa da Barbarci haka yake, wallahi haka yake, ko ni ya sha yi mini.

Ta ce a sa mata a tata wayar. Ajimi ya tuna an ce zai iya ba mutane su gwada, ko da yake bai san ko wannan izinin ma ya mutu tare da lasisin ba. Bai tambayi Naomi ba. Ya sa mata. Daga wayarta ya bazu a sansanin, waya zuwa waya, har ya zama mutanen Baga da bai taɓa gani ba suna tsayawa a ƙofar shago su ce su dai sun zo su ga ɗan Ba Kashim. Wasu su yi masa gardamar hanya, wasu su ce an manta da kifin gaiwa. Ya kan ce musu gaskiya ne, a yi haƙuri. Sharuɗɗan da aka ce zai rubuta wa masu buga wasansa bai taɓa rubutawa ba.

Da shekara huɗu ta cika, dangi suka kai magana gaban alƙali, aka yanke wa Ya Mu'mina ta yi takaba. Ta yi, ba ta yi musu ba. Aka yi addu'a a ƙofar gida, aka raba sadaka, 'yan Kasuwar Kifi suka zo da yawa. Ranar ce Ajimi ya fara jin ana cewa marigayi, ya tashi daga kan tabarma ya shiga cikin gida ya daɗe bai fito ba.

Wasan kuwa a hankali ya yi ta mutuwa. Sababbin wayoyi ba sa karɓarsa, domin an ƙera shi ne don na da, kuma babu mai ikon sabunta shi. Duk wanda wayarsa ta lalace ya sayi wata, shi ke nan ya rabu da shi. Da ta Ya Saude ta faɗa ruwa, Ajimi ya yi iya dabararsa a kan sabuwar, abin ya ƙi. Ya zuba mata muryar zalla, yadda ya ɗauke ta. Ta karɓa ta gode, amma ta ce ba ɗaya ba ne. Ta ce wannan shi kaɗai yake maganarsa, wancan kuwa da ita yake yi. Sai ta koma zuwa shagon duk ranar Alhamis, ta zauna a ba ta tsohuwar wayar Ajimi, wadda ya sauya wa batir sau uku, ta yi rabin awa tana bugawa, ta sha ruwa ta tafi.

A ƙarshen 2020 aka fara mayar da mutanen Baga gida, Ya Saude tana cikinsu. Ta zo sallama da ƙullin kayanta a kai. Ta ce, "Ɗana, me zan duba maka a can?"

Ya ce, "Ya Saude, ki dai tambaya. Ko wani ya binne shi, ko wani ya ga inda ya nufa. Ko ba daɗi ina so in sani."

Bayan wata biyu ta kira shi, layin yana yankewa. Ta ce ta tambayi duk wanda ya dawo, har waɗanda suka zauna a Chadi, ba wanda ya san komai. Ta ce gidanta babu rufi, amma ta samu kwano ta rufa ɗaki ɗaya, kuma ta fara banda kaɗan-kaɗan. Ta tambayi lafiyar Ya Mu'mina. Yana cikin amsawa layin ya katse. Ya kira sau uku bai samu ba, sai ya ajiye wayar, ya jawo kwamfutar wani malamin makaranta da ya yi alkawarin gamawa kafin la'asar, ya ci gaba da kwance ta.